Jinin da Bai Kai Faɗin Kwabo Ba

Ina wankin kayan makarantar ɗan ƙanena na ga tabon. A gaban farin wandonsa yake, ɗan ƙarami, ya bushe ya koma kalar tsatsa, an kuma yi ƙoƙarin goge shi da ruwa har gefensa ya baje. A aljihun wandon na samu murfin kwalbar lemo. Na ajiye sabulu, na zauna a kan turmi da wandon a hannuna. Na san tabon, na kuma san aikin da murfin yake yi, domin uban yaron ya yi irin wannan awon a gabana lokacin da yake kamar ɗansa na yau. Shi da wani tsohon kwabo ya yi nasa. Bara muka binne shi.

Gidanmu yana bakin garin Haɗeja, gonarmu tana fadama ta hanyar Auyo. Kakanninmu shanu suka bi, amma mu shinkafa muka tashi muka tarar. Wanda ya tashi a nan ba ya rabuwa da ruwa. Da shi ake dashe, a cikinsa ake saran ciyawar kacalla idan ta toshe hanya, a cikinsa yara suke kama tarwaɗa su yi iyo har idonsu ya yi ja. Ƙanena ya iya iyo kafin ya iya ɗaure tazugen wandonsa.

Ni firamare na yi, da ɗan abin da ya samu na sakandare. Da ƙanena ya isa karatu sai aka buɗe wata sabuwar makaranta a cikin gari, aka ce ta haɗa ilimin addini da na zamani a wuri guda. Baffa, mahaifinmu, ya ji daɗin wannan magana sosai. Yakan ce ya ga waɗanda suka yi boko suka dawo ba su iya alwala ba, ya kuma ga waɗanda suka sauke amma ba su iya karanta takardar magani ba, shi ɗansa ba zai zama ko ɗaya daga cikinsu ba. Da kansa ya kai shi a bayan keke.

Yadda makarantar take aiki shi ne malaman addini su zo da safe su tashi kafin azahar, malaman boko su zo bayan an idar da salla. Aji ɗaya ne, allon bango ɗaya, yaran ma su ne dai. Idan malaman safe sun tashi sai a goge allon da jiƙaƙƙen tsumma, don kada a rubuta wani abu a kan ayoyi. Malaman safe suna shimfiɗa tabarmarsu a inuwar darbejiya ta gabas, na rana suna jingine baburansu a bangon yamma. Sallama ce kawai take haɗa su a bakin ƙofa, wannan yana fita wancan yana shiga. Abin da aka kira haɗawa ke nan. A lokacin ban ga laifinsa ba, ba wanda ya gani.

Ƙanena ya yi fice a karatun safe da na rana. Yana cikin shekarun da murya take fara canzawa jinin ya bayyana, ɗigo kaɗan a ƙarshen fitsari. Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta fara gani. Ta faɗa wa maƙwabciyarmu ta kan katanga, suka yi dariya, maƙwabciyar ta ce to a fara tara kayan lefe, yaro ya zama namiji. Haka ake ɗaukar tsargiya a wajenmu. Muna da sunanta, amma ba mu sa ta a sahun cututtuka ba, mun sa ta a sahun gashin baki. Yaron da bai gani ba ma shi abokansa suke yi wa tsiya a bakin ruwa.

Shi ba zancen zama namiji ne ya dame shi ba, sallarsa ce ta dame shi. Yaro ne mai tsantseni. Ya daina shiga sahun gaba, yana sauya wando kafin kowace salla, har Inna ta fara ƙorafin sabulu. Daga baya ya yi ta maza ya tambayi malaminsu na fiƙihu. Ranar ya dawo gida da fara'a. Ya gaya mini, ni da ba ya ɓoye wa komai, cewa Malam ya ce ya riƙa jira har ɗigon ya tsaya, ya yi tsarki da kyau, idan kuma jini ya taɓa tufa bai kai faɗin kwabo ba, an yi rangwame, sallarsa ta yi. Ya samo tsohon kwabo a cikin tarkacen Baffa. Na sha ganinsa a bayan rumbu ya ɗora kwabon a kan wando yana dubawa, idan ya rufe tabon sai ya tafi masallaci hankalinsa kwance.

Ban isa in ce hukuncin ba daidai ba ne. Ba karatuna ba ne. Abin da na sani shi ne yaro ya je gaban babba ya ce jini yana fita daga jikinsa, aka amsa masa a kan wandonsa.

A wannan shekarar dai ya zana wani abu da gawayi a bangon zaurenmu. Kogi, da dodon koɗi, da wata tsutsa mai wutsiya, da mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa, kibiyoyi suna zagaye su. Malamin kimiyya ne ya zana musu a allo da rana, shi kuma ya fi kowa kwaikwayo, har aka tafa masa. Baffa ya hana a goge, yana nuna wa baƙi. Na tambayi ƙanena mene ne wannan. Ya ce wata cuta ce da ake ɗauka a ruwa, ya faɗi sunanta na Turanci mai tsawo yana lanƙwasa harshe don ya ba ni dariya. Na ce a ina ake samunta. Ya ce malamin rana ya ce a ƙasashe masu zafi, kuma za ta fito a jarrabawa. Na ce Allah ya raba mu da ita. Ya ce amin. Kwabon yana aljihunsa muke wannan hira.

Ya girma, ya yi karatu, ya samu aikin koyar da lissafi a wata firamare a Kirikasamma, yana kuma jan salla a masallacin unguwarsu. Abin da Baffa ya so ya samu. Jinin yakan zo ya tafi, daga baya ma ya daina gani, ya manta da shi. Ya yi aure, ya haifi ɗa. Sai ciwon baya ya fara, sai fitsari ya riƙa yi masa gardama, sai ƙafafu suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ni na yi jinyarsa a wani babban asibiti a Kano, domin matarsa tana da goyo, Baffa kuma ya riga ya rasu.

Likitan da ya duba hotunan cikinsa ya tambaye shi ko ya taɓa yin fitsarin jini yana yaro. Ƙanena ya yi murmushi ya ce, "Likita, wa bai yi ba a garinmu?" Likitan bai yi murmushi ba. Ya yi mana bayani a hankali da Hausa, cewa tsutsar tana shiga ta fata a cikin ruwa, ƙwayayenta suna maƙalewa a mafitsara da hanyoyin da suka zo daga ƙoda, su yi ta ɓarna shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba. Ya ce ba zai rantse ba, Allah ne masani, amma abin da ya gani ya yi kama da wannan. Ya ce da an ba shi wasu 'yan ƙwayoyi tun yana yaro, waɗanda ake sha a yini guda, galibi sun isa. Na tambaye shi ko akwai su a wancan lokacin. Ya ce akwai.

Da likitan ya fita ƙanena ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, "Yaya, kin tuna zanen zaure?" Na ce na tuna. Ya ce, "Ashe ni ne mutumin." Bai kai damina ba.

Ba jayayya nake yi da ajali ba. Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, da ya sha ƙwayar ma ranarsa ba za ta wuce ba sai da izinin Allah. Amma imanin nan bai hana ni fushi ba, kuma na daina neman ya hana ni. An ba yaro rabin magana da safe, an ba shi ɗaya rabin da rana, a aji guda, a kan allo guda, aka sa tsumma a tsakani. Manya masu ilimi suna wucewa ta ƙofa ɗaya kullum, babu wanda ya ga aikinsa ne ya haɗa rabin nan biyu. Sun bar wa yaro ɗan ƙarami ya haɗa da kansa, ya kuma haɗa, a gadon asibiti.

Bayan takaba matarsa ta koma wajen iyayenta a Birniwa da jaririyar, babban yaron ya zauna da ni da Inna. Makarantar ubansa yake zuwa, domin haka uban ya so. Yanzu an yi mata fenti, an ƙara azuzuwa, an kafa babban allo a bakin titi da hoton Alƙur'ani a dama da na kwamfuta a hagu.

Ranar da na ga tabon na jira yaron ya dawo ya ci abinci. Ba magana ce da gwaggo take yi da ɗa namiji ba, amma babu wani namiji a gidan. Na ajiye murfin kwalbar a gabansa. Inna tana tsintar shinkafa a gefe, ta gane abin da ake ciki, ta yi dariya ta ce, "To, maigidana ya girma. Sai ka fara kawo cefane, na gaji da auren malalaci." Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce masa gobe za mu asibiti. Murmushin ya ɗauke. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, babu inda yake masa ciwo, rabin ajinsu suna yi, idan aka ji an kai shi asibiti a kan wannan ba zai sake iya zuwa bakin ruwa ba. Na ce wannan ne ya kashe babanka. Ya ce ciwon ƙoda ne ya kashe babansa, kowa ya sani. Sannan ya ɗago ya ce, "Gwaggo, na tambayi Malam. Bai ce ciwo ba ne. Kuma bai kai murfi ba."

Ina iya jansa da ƙarfi in kai shi, amma na yi tunanin abin da zai biyo baya. Damina za ta sake zuwa, zai sake shiga ruwa, domin shinkafa ba ta dasa kanta. Ba kuma ni zan yi ta wanke masa wando har abada ba. Idan bai yarda a ransa cewa ciwo ne ba, zai koyi wanke tabon da kyau ne kawai. Maganata ta mace ce mai turara shinkafa. Maganar da za ta shiga kunnensa tana bakin mutum ɗaya.

Na je makarantar daidai lokacin da ake canji, da gangan, don in same su duka. Shugaban makarantar ya karɓe ni da mutunci, ya yi mini ta'aziyya, ya ce marigayi yana cikin ɗaliban da suke alfahari da su. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya aika aka kira malamin fiƙihu yana shirin naɗe tabarma, da malamin kimiyya bai gama kashe babur ba. Malamin fiƙihun shi ne dai na wancan lokacin, gemunsa ya yi fari, shi ya ja sallar gawar ƙanena. Na kimiyyar saurayi ne, ban san shi ba. Suka zauna nesa da juna kamar surukai.

Na ba da labarin kwabon, da zanen zaure, da abin da likita ya faɗa. Ban ɗaga murya ba. Saurayin ne ya fara magana. Ya ce darasin yana cikin manhaja kuma yana koyar da shi duk shekara, amma tun da ya kama aiki aka gaya masa duk abin da ya shafi al'aura ya bar wa malaman safe, tunda akwai 'yan mata a aji, iyaye kuma ba sa son jin ɗan boko yana irin wannan zance da 'ya'yansu. Don haka yana zana dodon koɗin da tsutsar, idan ya zo kan alamomi sai ya karanta layin da Turanci ya wuce. Shugaban ya gyaɗa kai ya ce haka tsarin yake tun kafin shi, kowa da fanninsa, shi ya sa ba a taɓa samun rikici a makarantar ba. Ya ƙara da cewa ma'aikatan lafiya sukan zo wani lokaci da rana da ƙwayoyin tsargiya da sandar da ake auna tsawon yaro kafin a ba shi, sai dai yara da yawa suna ɓoyewa a baki su tofar a bayan aji. Ya ce wasu iyaye sun taɓa tambayar Malam ko a bari yara su sha, Malam ya ce ba shi da sani a kai, su kuma suka ɗauka ya hana.

Duk wannan ya faɗa ne don in ga babu laifin kowa. Ni kuwa ina jin zuciyata tana tafasa, domin da bakinsa yake lissafa mini yadda abin ya faru, yana kiransa zaman lafiya.

Na juya na fuskanci Malam. Ya ce ya tuna ranar da ƙanena ya zo masa, ya tuna har inda ya durƙusa. Ya ce, "Baiwar Allah, hukunci ya tambaye ni, na ba shi hukunci. Ni ba likita ba ne. Ba na faɗin abin da ban sani ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, yaro ne. Bai san akwai wata tambayar ba."

Na ce ba na neman ya zama likita. Wanda ya san amsar ga shi nan zaune, shekara nawa suna haɗuwa da irinsa a bakin ƙofa. Na ce ɗan marigayi ma ya zo masa da tambayar nan, ya samu amsar ubansa, yanzu murfin kwalba ne a aljihunsa, kuma ya ƙi asibiti saboda Malam bai ce ciwo ba ne. A nan na tsaya, domin ban je don in yi kuka a gabansu ba.

Shugaban ya ce za a duba, za a kai maganar gaban mai makaranta. Malam ya miƙe ya ce Allah ya jiƙan marigayi, ya sa takalminsa ya fita. Bai yi mini alkawarin komai ba. Na dawo gida na tarar da zauren nan da aka daɗe da shafe shi da siminti, na tsaya ina kallon inda zanen yake a da. Na turara shinkafar ranar har na ƙona gindin tukunya.

Bayan 'yan kwanaki yaron ya dawo cin abincin rana bai cire jakarsa ba. Bai yi mini magana ba, kakarsa ya nufa. Ya ce yau Malam ya mayar da su babin tsarki alhali sun wuce shi tuni, har yara suna cewa tsufa ya kama shi. Ya sake karanta hukuncin jini a tufa kamar yadda ya saba. Da ya gama sai ya rufe littafin ya ce wannan hukuncin sallarsu ne, amma jinin kansa ciwo ne, ba girma ba ne, duk wanda yake gani ya faɗa a gida a kai shi asibiti, wanda ya ɓoye kuma ya zalunci jikin da aka ba shi amana. Ya ce sauran bayanin yana wajen malamin kimiyya, a kira shi. Aka je aka duba, malamin kimiyya bai zo ba, lokacinsa bai yi ba. Malam ya ɗan jira, sannan ya ce to su tambaye shi da rana, ya ci gaba da karatu.

Inna ta ce, "To, ashe mijin nawa majinyaci ne, an cuce ni." Yaron bai yi dariya ba. Ya juyo yana kallon ƙasa ya ce, "Gwaggo, yaushe za mu je?"

Washegari muka je. Aka gwada fitsarinsa, aka ba shi ƙwayoyin bayan ya ci abinci. Manya ne, ya ce suna da ɗaci, ya yini da jiri yana kwance a kan tabarma. Shi ke nan. A layin na ga yara biyu da farin wando irin nasa, kowanne yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Bayan wani lokaci wankina ya riƙa fita fari. Aka ce mana idan ya ci gaba da shiga ruwa tana iya dawowa, a riƙa dubawa. Shi da kansa ya amsa cewa zai faɗa.

Ya kamata in ce na huce, amma ban huce ba. Abin da Malam ya ƙara bai kai tsawon addu'ar shiga bayi ba. Na gode masa, har na aika masa da shinkafa, kuma duk lokacin da na tuna gajartar maganar sai fushin ya dawo sabo. Tsarin makarantar bai canza ba. Har yau masu tabarma suna gabas, masu babur suna yamma, ana goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, maganar tana gaban mai makaranta ana dubawa. Ban san abin da zai faru ba ranar da wani malamin ya gaji babin tsarki.

Ranar da yaron ya sha maganin, yana barci, Inna ta ɗauki takardar da aka naɗo ƙwayoyin a ciki tana jujjuyawa. Ba ta iya karatu ba. Ta daina kiransa maigida tun da muka dawo. Ta tambaye ni ko wannan kaɗai ne maganin, na ce shi ke nan. Sannan, ba tare da ta kalle ni ba, ta tambaya ko a zamanin da uban yaron yake ƙarami an riga an ƙirƙiro irin waɗannan.

Na dubi hannunta a kan takardar. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ninke takardar ta ɗaure a gefen zanenta, ta jawo faifan shinkafarta.